SAKE YANKA ZANEN TSOHUWAR TAYA: ABIN DA MAI MOTAR GONA YA KAMATA YA SANI

Gabatarwa

Manomi, ka sani idan damina ta kankama hanyar gona takan gagari ƙaramar mota. Shi ya sa manyan manoma, da ƙungiyoyin gama kai, da 'yan kasuwa masu bin ƙauyuka sayen amfanin gona suke dogara ga mota fowil, watau motar da ƙafafunta huɗu duka suke ja, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux. To amma kome ƙarfin injin fowil, taya ce ke taka ƙasa. Idan taya ta suɗe, sai ka ga mota tana ta kuka a cikin laka, ƙafa na juyawa, ba gaba ba baya.

Sabuwar taya kuwa ba abu ne mai araha ba. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Tun daga nan yawancin tayoyin motar da muke sawa daga waje ake kawo su, kuɗinsu yana bin farashin dala. Saboda haka idan ka biyo titin Zariya ka iso Na'ibawa, wajen tasha da 'Yan Lemo da 'Yan Katako, ka tsaya gun mai faci ko mai sayar da tsofaffin tayoyi, ba mamaki wani ya ce maka, "Alhaji, ai ba sai ka sayi sabuwa ba. Kawo a sake yanka mata zane, ta koma kamar jiya aka fito da ita."

Wannan takarda za ta bayyana maka mene ne wannan aiki, wace taya ce ya halatta a yi mata, wacce ce bai halatta ba, da yadda za ka gane tayar da aka yanka idan an kawo maka ita da sunan mai sauran kwana. Ka riƙe magana ɗaya tun daga farko: wuƙa ba ta ƙara wa taya roba, ragewa take yi.

Yadda aka gina taya

Ka dubi fuskar taya, watau inda take taka ƙasa. Za ka ga tudu da kwari, kamar kunya da kwari a gona. Tudun su ne haƙoran taya, su ke cizon ƙasa. Kwarin kuwa shi ne hanyar da ruwa da laka ke bi su fita daga ƙarƙashin taya. Haƙora da kwari gaba ɗaya su ake kira zanen taya.

A ƙarƙashin kwarin akwai shimfiɗar roba. A ƙarƙashin wannan robar akwai wayoyin ƙarfe da aka saƙa suka zagaye tayar kamar ɗamara. A ƙarƙashinsu kuma akwai zaren da ke riƙe jikin taya duka. Wayoyin nan da zaren su ne ƙarfin taya, su ke riƙe iska, su ke ɗaukar nauyi. Aikin shimfiɗar robar shi ne ta kare su daga ruwa, da tsakuwa, da ƙaya, da tushiyar dawa.

Mene ne sake yanka zane?

Idan haƙora suka cinye, kwari ya zama ba shi da zurfi. Mai yanka sai ya bi tsohon kwarin da wuƙa, ya ƙara masa zurfi ta hanyar cire wani abu daga shimfiɗar robar nan ta ƙasa. Haƙoran sai su yi kamar sun ƙara tsawo, alhali ba su ƙaru ba, ƙasansu aka rarake.

Ka kwatanta da gonarka. Idan ruwa ya zaizaye kunya, kana iya zurfafa kwari da garma idan ƙasar mai zurfi ce. Amma idan marmara tana kusa, sara biyu ko uku sai garma ta ci karo da ita. Haka taya take. Akwai wadda aka yi ta da ƙasa mai zurfi, akwai wadda marmararta ke kusa.

Kada ka haɗa wannan aiki da ɗora wa taya sabuwar fuska. Wancan aikin masana'anta ne, inda ake kankare tsohon zane duka, a manna sabuwar roba mai kauri, a gasa ta da zafi har ta kama. A can ana ƙara roba. A nan ana ragewa.

Tayar da aka yi domin a sake yanka ta

Asalin wannan aiki na manyan motoci ne, irin tireloli da roka da kake gani suna fitowa da kaya daga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Masu ƙera tayoyin manyan motoci sukan ƙara kaurin shimfiɗar robar da gangan, domin a sake yanka zanen sau ɗaya idan ya cinye. Irin wannan taya takan zo da rubutu a gefenta da manyan baƙaƙen boko, haka: REGROOVABLE. Ma'anarsa, "ana iya sake yanka ta". Wasu kuma suna da wata alama mai kama da harafin U a cikin da'ira. Kamfanin Michelin ya ce idan an yi yankan bisa ƙa'ida, tayar babbar mota tana iya ƙara tafiya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta yi tun tana sabuwa. Wannan riba ce sosai, shi ya sa masu manyan motoci a ƙasashe da yawa suke yi.

To ina tayar fowil? A nan gizo ke saƙa. Yawancin tayoyin Hilux da Land Cruiser da Land Rover, ko da masu manyan haƙora ne na shiga laka, ba a yi su da wannan ƙarin kauri ba. Robar da ke tsakanin kwari da wayoyi 'yar kaɗan ce, daidai kariya, ba rarar da za a yanka. Kada girman haƙora ya ruɗe ka. Kada kuma harufan LT da kake gani a gefen wasu tayoyi su ruɗe ka. Suna nuna cewa taya ce ta ƙaramar motar kaya, ba su ba da iznin yanka ba. Nan da can akan sami taya mai lamba 7.50R16 da ke ɗauke da wancan rubutu, amma kada ka ɗauka, ka duba da idonka.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan babu rubutun, babu yanka. A Ingila doka ta hana sa yankakkiyar taya a ƙananan motoci. A Amurka kuma doka ta ce tayar da ke ɗauke da wannan rubutu kaɗai za a yanka a sayar, kuma tilas a bar robar da ta kai kusan milimita 2.4 a kan wayoyi. Ba don ƙeta aka yi waɗannan dokoki ba, an ga abin da ke faruwa ne.

Abin da ke faruwa idan aka yanka tayar da ba ta dace ba

1. Wuƙa takan taɓa wayoyi ko ta bar su da 'yar roba kamar fatar albasa. Da ka shiga fadama, ruwa sai ya sami hanya ya kai gare su.

2. Waya ta jiƙa sai ta yi tsatsa. Ta yi tsatsa sai ta saki robar da ke manne da ita. Wannan yana faruwa a ciki, ba ka gani.

3. Sa'an nan fuskar taya ta fara kumburi, ko mota ta fara rawa a sitiyari. Wata rana fuskar ta ɓalle gaba ɗaya, ko tayar ta fashe.

4. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da tushiyar dawa ko ta masara, waɗanda a da ba sa iya huda tayar, yanzu sai su shige cikin sauƙi. Kullum kana gun mai faci.

Abin lura shi ne, taya ba ta cika fashewa a gona ba, inda ake tafiya sannu. Takan jira sai an hau kwalta. Ka ɗauka ka yi lodin tumatir a Kwanar Gafan ko shinkafa a Kura, cikin watan Afrilu, rana ta take, kwalta ta yi zafi, yaran lodi suna zaune a kan kaya, kana sauri ka riski kasuwa a Kano. Nauyi da gudu da zafi sun haɗu a kan tayar da aka riga aka raunana. Idan ta gaba ce ta fashe, sitiyari yakan ƙwace daga hannun direba. Kuɗin da ka tsira da shi wajen yanka bai kai kwando biyu na kayan da za su zube ba, balle a yi maganar rai. Araha ba ta ado.

Idan tayarka tana da rubutun

Idan ka duba ka ga rubutun, to ga ƙa'idojin da za ka tabbatar an bi. Ka tsaya a wurin, kada ka bar taya ka tafi.

(a) A yi yankan tun zane yana da sauran zurfin milimita 2 zuwa 4. Tsinken ashana kaurinsa kusan milimita 2 ne, kana iya gwadawa da shi. Tayar da ta yi sanƙo sumul ta wuce yanka.

(b) A cire tayar daga rim, a wanke ta, a duba ciki da waje. Idan akwai tsagewa, ko kumburi, ko babban faci, ko waya ta fito ko da wuri ɗaya ne, a bar ta.

(c) A ciccire duk tsakuwar da ta maƙale a cikin kwari.

(d) A auna zurfin kwari a wurare da yawa kewaye da tayar. Inda ya fi cinyewa, da shi za a saita wuƙa.

(e) A yi aiki da injin da aka yi domin haka. Yana da 'yar wuƙa lanƙwasasshiya wadda lantarki ke zafafawa, kuma ana ɗaure ta a daidai zurfin da ake so, ba ta wucewa. Wuƙar hannu, ko ƙarfen da aka gasa a gawayi, ba su da iyaka. Zurfinsu yana bin ƙarfin hannun mai yi da gajiyarsa.

(f) Zurfin yankan yawanci milimita 3 ne zuwa 4, gwargwadon abin da mai ƙera tayar ya faɗa. Wasu tayoyin suna da 'yan ramuka a cikin kwari masu nuna iyakar zurfin. Tilas a bar aƙalla milimita 2 na roba a kan wayoyi.

(g) A fara gwada ɗan wuri kaɗan, a tsaya a duba. Idan ka ga ƙyallin waya, ko ka ji wuƙa tana ƙara, aiki ya ƙare, tayar ba ta sake hawa titi.

(h) Yanka sau ɗaya ne. Ba a yi wa taya na biyu.

(i) Ka sa yankakkiyar taya a baya ko a tirelar da ake ja. Gaba, inda sitiyari yake, a bar wa tayoyinka mafi kyau.

Gyaran haƙora domin aikin gona kaɗai

Akwai wani aiki dabam da ake iya yi wa tayar laka ko da ba ta da rubutun. Idan haƙoranta suna da sauran tsawo amma bakinsu ya dakushe ya yi mulmul, ana iya datse bakin kaɗan ya sake yin kaifi, ko a tsaga babban haƙori gida biyu domin ya ƙara cizo. Sharaɗin shi ne wuƙa ta tsaya a cikin jikin haƙori, kada ta kai zurfin tsohon kwari, balle ta wuce shi. Ta haka shimfiɗar robar tana nan yadda take.

Amma ka sani haƙorin da aka tsaga ba shi da ƙarfin da, yakan cinye da wuri, wani lokaci ya gutsure a kan marmara. Wannan dabara ta motar da ke zaune a gona ce, tana kai taki tana kwaso girbi da tafiyar sannu. Ba ta motar da ke bin titin Zariya kullum ba ce.

Yadda za ka gane yankakkiyar taya a kasuwa

Babban haɗari shi ne ka sayi yankakkiyar taya ba ka sani ba. Yawancin masu sayarwa mutanen kirki ne, wani ma shi kansa bai san abin da aka kawo masa ba. Ka kuma sani cewa tsofaffin tayoyin mota suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta daɗe da hana shigowa da su, ban da wasu na manyan motoci da ake kawowa domin a ɗora musu sabuwar fuska. Saboda haka tayar gwanjo ba ta da wanda zai tsaya maka idan ta ba da matsala. Idonka shi ne mai tsaronka. Ka fito da tayar rana, ka duba waɗannan:

1. Gindin kwari. Idan baƙi ne wuluk yana sheƙi kamar sabo, alhali fuskar tayar ta koɗe, an yanka.

2. Layin kwari. Na masana'anta daidai yake ko'ina. Na wuƙa yakan karkace, nan faɗi can matsattse, da 'yan alamun inda aka tsaya aka ci gaba.

3. 'Yan tudun gargaɗi. Masana'anta takan bar wasu 'yan tudu a cikin kwari, tsayinsu milimita 1.6. A gefen taya akan nuna wurinsu da harufan TWI ko ɗan alwatika. Idan haƙora suka cinye har suka yi daidai da su, taya ta ƙare. Mai yanka yakan share su. Ka bi alamar, idan ba ka ga tudun ba, ka ajiye tayar.

4. Ƙananan tsage. Sabuwar taya takan zo da siraran tsage a kan haƙora. Idan duk sun shafe amma manyan kwari suna da zurfi, abin da shakka.

5. Shekaru. Ka nemi harufan DOT a gefen taya. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobi uku ne kawai, kafin 2000 aka yi ta, kada ka ko taya. Idan an kankare wurin, ka tambayi kanka don me. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan gargaɗi direbobi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da yi. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta tsufan.

6. Baƙin fenti ko man gogewa. Ka goga da tsumma. Sau da yawa a ƙarƙashinsa za ka ga 'yan tsattsagewa kamar faso.

Maganar fowil musamman

Ka tuna cewa yanka ba ya mayar wa taya girmanta. Tayar da ta cinye ta fi sabuwa ƙanƙanta, ko an yanka ko ba a yanka ba. Idan ka haɗa sabuwa da tsohuwa a mota, sa'an nan ka sa fowil a kan busasshiyar ƙasa mai tauri, ƙafafun ba za su juya daidai da juna ba, wahalar sai ta koma kan giya da aksul. Gyaransu kuwa ya fi taya tsada nesa. Ka yi ƙoƙari tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Idan biyu kaɗai za ka iya saya, ka sa su a aksul ɗaya, hagu da dama. Da ka fito daga laka ko yashi ka hau hanya mai tauri, ka cire fowil, sai fa idan motarka irin wadda aka yi ta tana jan ƙafa huɗu kullum ce.

Yadda za ka sa taya ta daɗe

Hanyar da ta fi yanka riba ita ce kada taya ta cinye da wuri.

Iska: Ka auna kowane mako, da safe, kafin mota ta yi tafiya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Bugun taya da ƙarfe ba awo ba ne. Idan ka rage iska domin ka wuce yashi ko laka, ka mayar kafin ka hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke yin zafi ta fashe.

Lodi: Yawancin a-kori-kura irin su Hilux an yi su ne domin kusan tan ɗaya, watau buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. A gefen taya akwai lambar nauyi. Misali 112 na nufin tayar ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120. Sawu biyu da lodi daidai ya fi sawu ɗaya da lodin ganganci.

Juyi: Ka riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, bayan kowace tafiyar kilomita 8,000 zuwa 10,000, domin su cinye daidai.

Saitin ƙafa: Idan ka ga taya tana cinyewa gefe ɗaya, laifin ba nata ba ne. Ka kai mota a saita ƙafa, a duba bushi da shokozoba.

Ajiya: Tayar da ba a aiki da ita a sa ta a inuwa, nesa da man fetur, da gas, da baƙin mai.

Tayar da ta gama aiki a mota

Kada ka jefar, kada ka ƙona. Hayaƙinta guba ne ga mutane da dabbobi. Tana da sauran amfani a amalanken shanu ko kurar ruwa, inda babu gudu. Ana kuma yanka ta a yi kwamin ba dabbobi abinci. Sai dai kada ka bar ta a fili ruwan sama ya taru a ciki, domin nan sauro ke haihuwa.

Abubuwan tunawa

1. Wuƙa tana rage roba, ba ta ƙarawa.
2. Idan babu rubutun REGROOVABLE a gefen taya, kada a zurfafa kwarinta.
3. Idan akwai, a yi da injin da ya dace, sau ɗaya, a bar milimita 2 a kan wayoyi.
4. Kada yankakkiyar taya ta hau gaban mota.
5. Kafin ka sayi tsohuwar taya, ka duba kwari, da 'yan tudun gargaɗi, da shekarunta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba tayoyinka tun cikin bazara, kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci. Idan ka sayar da amfanin gona da kaka, ka ware kuɗin taya kamar yadda kake ware na taki da na iri. Idan ku ƙungiya ce mai mota ɗaya, ku sa kuɗin taya a cikin abin da kowa ke biya na ɗaukar kaya. Domin ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ofishin KNARDA mafi kusa da kai.